Yadda Ake Shirya Doki da Mahayinsa Domin Gasar Diresaj ta Farko

Diresaj wasa ne na nuna horon doki. Mahayi yana shiga fili mai kusurwa huɗu, ya bi jerin motsin da aka riga aka rubuta, alƙali kuma ya ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun 1912, kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ita ke tsara dokokinsa na ƙasa da ƙasa. Mai koyo yakan ga dawakan manyan gasa suna sassarfa a wuri ɗaya ba tare da sun gusa ba, sai ya ɗauka daga can ake farawa. A matakin farko abin da ake nema bai wuce tafiya, sassarfa, ƙaramar sukuwa, da'ira da tsayuwa ba. Sai dai waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke tona yadda ake riƙon doki a barga da yadda ake hawansa kullum, domin minti biyar ko shida da za ka yi a gaban alƙali ba sa ɓoye komai.

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya zama a kan doki a waɗannan taku uku ne, yana da lafiyayyen doki da ya saba da sirdi, kuma yana da kamar wata uku kafin ranar gasa.

Kayan da za ka tanada

Na barga: ragama da igiyarta, magoga ta roba, buroshi mai tauri da mai laushi, ƙugiyar share kofato, soso biyu (ɗaya na fuska, ɗaya na ƙarƙashin jela), bokitai, ma'aunin zafin jiki, da sikeli na auna abinci.

Na hawa: sirdi, zubka mai tsabta, majayi, likkafu, da linzami mai sauƙi, wato mai gaɓa a tsakiya da zobe ɗaya a kowane gefe. Linzami mai ƙarafa biyu na manyan matakai ne, kada ka kusance shi yanzu. Sirdin diresaj yana da dogayen fukafukai miƙaƙƙu da ke barin ƙafa ta sauka sosai, amma idan ba ka da shi, sirdin hawa na yau da kullum irin na Turawa ya isa a ƙananan gasanni, muddin ya zauna wa dokin daidai. Sirdi mai araha da ya dace da bayan doki ya fi mai tsada da ke matse shi.

Na mahayi: hular kwano mai maɗauri, safar hannu, dogon takalmin hawa mai ɗan dunduniya, da wandon hawa. Kaimi ba na mai koyo ba ne. Sai ƙafarka ta daina lilo kafin ka yi tunaninsa.

Na fili: tef ɗin awo mai tsawo, igiya, da alamomi takwas da za ka rubuta haruffa a jiki. Tsofaffin bokitai ko jarkoki sun wadatar.

1. Auna fili ka kafa haruffa

Fili iri biyu ne: ƙarami mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40, da babba mai mita 20 da 60. Yawancin jarrabawar farko, wato jerin motsin da za ka yi a gaban alƙali, a ƙaramin ake yi, amma ka duba takardar gasarka. A ƙaramin, harafin A yana tsakiyar gajeren gefen da ake shiga, C yana tsakiyar ɗaya gefen, a can alƙali ke zama. Idan ka tsaya a A kana fuskantar C, a hagunka akwai K, E, H, a damanka kuma F, B, M. E da B suna tsakiyar dogayen gefuna, sauran huɗun kowanne mita 6 daga kusurwa. Tsakiyar fili ita ce X, ba a rubuta ta a ƙasa, da ido ake gane ta.

Kada ka auna da taku, ka yi amfani da tef. Wanda ya saba da filin da ya fi ƙa'ida faɗi zai sha mamaki ranar gasa idan kusurwa ta taho masa da wuri. Ƙasar filin ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba duwatsu, ba ramuka. Yashi mai zurfi yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa, ƙasa mai taurin dutse kuma tana dukan gaɓoɓi. Idan ba ka da shinge, shimfiɗa itatuwa a kusurwoyi huɗun kawai, sun isa su nuna maka iyaka.

2. Daidaita ci da sha

Cikin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa, an halicce shi ya riƙa ci kaɗan-kaɗan yini guda. Saboda haka ciyawa ita ce uwar abinci, hatsi ƙari ne. A ƙiyasi, doki na bukatar busasshiyar ciyawa kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a kullum. Mai kilo 500 zai ci kilo 7.5 zuwa 10. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, da gishirin lasa.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙara wa doki hatsi don gasa ta matso. Aikin matakin farko bai kai ya bukaci haka ba, abin da za ka samu shi ne doki mai zabura da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Duk canjin abinci a yi shi sannu-sannu cikin kwana 7 zuwa 10. Doki ba ya iya amai, don haka abin da ya ɓata masa ciki yana iya zama murɗar ciki mai kisa. Bayan ya ci hatsi, a ba shi aƙalla awa ɗaya kafin a hau. Amma kada a hau shi da yunwa. Ɗan damin ciyawa yayin da kake share shi yana kare cikinsa daga gyambo.

Ka bar shi ya fita makiyaya ko wani killataccen wuri kowace rana. Dokin da ke tsaye a ɗaki awa ashirin da uku ba zai zo maka da sakakken baya a awa ta ashirin da huɗu ba.

3. Duba shi, ka share shi

Kafin buroshi, ido. Ya cinye abincinsa? Ya sha ruwa? Kashinsa kamar na kullum? Sannan ka shafa ƙafafunsa huɗu da hannu daga gwiwa zuwa kofato, kana neman zafi ko kumburi. Ka san ma'aunin dokinka tun yana lafiya: zafin jiki tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Idan ka ga ɗingishi, ko kaɗan ne, babu hawa ranar, a kira likitan dabbobi.

Share kofato daga dunduniya zuwa gaba. Goge jiki da magogar roba kana zagayawa, sai buroshi mai tauri, sai mai laushi. Ka fi ba da ƙarfi a wurin da sirdi da majayi ke zama, domin ɗan busasshen laka a nan shi ke zama ciwo. Mai gyaran kofato ya zo duk bayan mako 5 zuwa 7, haƙora kuma a duba su sau ɗaya a shekara. Dokin da ke kaɗa kai ko buɗe baki sau da yawa haƙori ne ke yankar kumatunsa, ba taurin kai ba.

4. Ɗaura sirdi da linzami

Ajiye sirdin a gaba kaɗan, ka zame shi baya har ya zauna da kansa, don gashi ya kwanta. Ɗaga zubka ta shige cikin kogon sirdi. Yatsu biyu zuwa uku su iya shiga tsakanin gaban sirdi da ƙashin da ke saman kafaɗu. Majayi kuma a matakai ake tsuke shi: sako-sako a barga, a ƙara bayan an ja dokin 'yan taku, a sake dubawa bayan an hau. Wanda ke fizge majayi lokaci ɗaya shi ke koya wa doki cizo.

Ƙarfen linzami ya zauna har ya yi ɗan ninkin fata ɗaya ko biyu a gefen leɓe. Maɗaurin hanci ya bar wurin yatsu biyu a kan ƙashin hanci. Wasu na matse shi don rufe bakin doki kada alƙali ya gani. Wannan zalunci ne, kuma masu sa ido a wurin gasa suna dubawa.

5. Darasin kullum

A nan aikin yake. Masu horo na bin tsani mai hawa shida da ya fito daga makarantar hawa ta Jamus: daidaiton taku, sakin jiki, haɗin hannu da baki, kuzari daga ƙafafun baya, miƙewa, sannan tattara jiki. Kai ukun farko ne naka a wannan shekara.

Fara da tafiya minti 10 zuwa 15 da sakakken kamazuru. Kada ka rage wannan ko kana sauri, gara ka rage sukuwa. Tafiya bugu huɗu ce, sassarfa biyu, ƙaramar sukuwa uku. Ka riƙa ƙirgawa a ranka. Idan ƙirgar na sauri a dogon gefe tana raguwa a kusurwa, ba ka samu hawan farko na tsanin ba tukuna.

Shiga sassarfa kana tashi kana zama, ka tashi lokacin da ƙafar dokin ta gaba ta waje, wato ta gefen shinge, ke miƙawa gaba. Yi manyan da'ira da layuka masu lanƙwasa a hannu biyun, dama da hagu daidai wa daida. Kowane doki yana da gefen da ya fi masa tauri, kuma zuciya na son a yi ta zagayawa ta gefen mai daɗi. Ka ƙi yarda.

Yanzu maganar hannu, wadda ita ce ta fi damuna da masu koyo. Sun ga hoton doki da wuya a lanƙwashe, sai su ja kamazuru ko su riƙa zarga linzami dama da hagu har kai ya sunkuya. Abin da suka samu wuya ne mai kyan gani a kan ƙagaggen baya da ƙafafun da suka rage a baya. Lanƙwasar gaskiya daga baya take farawa: ƙafarka ta nemi taku, ƙafar baya ta doki ta shigo ƙarƙashin cikinsa, bayansa ya ɗaga, sai shi da kansa ya miƙa wuya ya nemi linzami. Hannunka aikinsa karɓa ne. Daga gwiwar hannunka zuwa bakin doki ya zama layi ɗaya, nauyin da kake ji ya zama kamar na riƙe hannun ƙaramin yaro a hanya, ba ka sake ba, ba ka matse ba. Goshin doki ya tsaya a tsaye ko hancin ya ɗan wuce gaba. Idan haɓa ta koma wajen ƙirji, laifi ne a idon alƙali. FEI ma tun 2010 ta haramta tanƙwara wuyan doki da ƙarfi.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. A kan da'ira a sassarfa, ka bar kamazuru ya zame a yatsunka sannu a hankali. Idan dokin ya bi linzami gaba da ƙasa, takunsa bai canja ba, aikinka na kan hanya. Idan ya ɗaga kai ko ya ruga, da hannu ka riƙe shi tun farko.

Mafi amfanin motsa jiki shi ne sauya taku: tafiya zuwa sassarfa, sassarfa zuwa tafiya, sassarfa zuwa sukuwa, a yi ta yi. Kafin kowane sauyi ka ba shi sanarwa: miƙe zama, ɗaure cikinka, rufe yatsu na daƙiƙa ɗaya, ka sake. Don shiga ƙaramar sukuwa, zauna a sirdi, ƙafarka ta ciki a kan majayi, ta waje ta ja baya kaɗan, ka nema a kusurwa ko kan da'ira. Idan ya fara da ƙafar da ba ita ba, wato ba ƙafarsa ta gaba ta ciki ce ke jan gaba ba, koma sassarfa, daidaita, sake nema. Duka ba ya gyara wannan. Umarni kuma ya fara da taushi. Idan bai amsa ba a ƙara ƙarfi sau ɗaya, da zarar ya amsa a daina. Ƙafar da ke dukan haƙarƙari kowane taku tana kurmantar da doki.

Da'irar mita 20 tana cinye wa mutane maki fiye da kima, don suna yin ta kamar ƙwai. Idan ka fara daga A a ƙaramin fili, wurare huɗu za ka taɓa: A, dogon gefe a mita 10 daga kusurwa (wato mita 4 bayan K ko F, ba a kan harafin ba), X, da ɗaya gefen a mita 10. Ba a shiga kusurwa a cikin da'ira. Ajiye alama a waɗannan wurare har idonka ya saba. Idan ƙasar yashi ce, share ta kafin ka hau, bayan ka gama ka sauko ka dubi sawun.

Duk darasin kada ya wuce minti 40 zuwa 45, da hutun tafiya a tsakani. Idan abu ya yi kyau, yaba masa, ka shafa wuyansa, ka wuce. Rufe da tafiya minti 10 har numfashinsa ya dawo.

Idan ba ka da malami a kusa, sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga wurin C da kuma daga E. Abin da kake ji a sirdi da abin da ake gani daga ƙasa sukan sha bamban. Amma ko sau ɗaya a wata ne, ka nemi ƙwararre ya dube ka.

6. Tsara mako

Kwana uku ko huɗu na darasi a fili, kwana ɗaya ko biyu na kilisa a waje, kwana ɗaya na taka itatuwa a ƙasa ko zagayawa da doguwar igiya, kwana ɗaya na hutu. Kilisa tana gina ƙarfi, tana kuma saba masa da abubuwan ban tsoro. A wurin gasa zai ga tutoci, furanni, lasifika da rumfar alƙali, don haka ka riƙa ajiye irinsu a gefen filinka tun yanzu.

7. Haddace jarrabawar

Zaɓi matakin da ya gaza abin da kuke yi a gida. Samo takardar jarrabawar ta shekarar da ake ciki, domin ana sabunta su. Zana fili a takarda ka bi da alƙalami, sannan ka taka ta da ƙafarka a tsakar ɗaki. A kan doki kuwa gunduwa-gunduwa za ka yi ta. Gaba ɗayanta sau biyu ko uku ya isa, in ba haka ba dokin zai haddace ta ya riƙa riga ka. Musamman tsayuwa a X: yawancin lokuta ka wuce ta kai tsaye, ko ka tsaya a wani wuri.

Ana yin motsi ne lokacin da jikinka ya zo daidai da harafi, ba hancin doki ba. Duba motsin da ake ninka makinsu sau biyu. Tafiya da dogon kamazuru na yawan kasancewa cikinsu, kuma ita mutane suka fi rainawa. Ƙananan gasanni da yawa sun yarda wani ya tsaya a gefe yana karanta maka jarrabawar. Idan kana da fargaba, yi amfani da wannan dama.

8. Makon ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon linzami, sabon takalmi, sabon abinci, duk ba yanzu ba. Gyaran kofato ya kasance mako ɗaya ko biyu kafin gasa. Karanta dokokin masu shiryawa game da tufafi, bulala da takardar rigakafi. A gasannin FEI ba a karɓar dokin da aka yi wa allurar mura cikin kwana 7 kafin isowarsa. Duk maganin da dokin ke sha, tambayi likita ko an halatta shi. Idan bai saba shiga mota ba, fara koya masa makonni kafin nan. A jajibiri ka yi ɗan aiki mara nauyi, ka wanke shi, ka goge kayan fata, ka loda ciyawa da bokitinsa na gida. Kitson geza ado ne da aka saba, idan ba ka iya ba ka taje ta ta kwanta gefe ɗaya.

9. Ranar gasa

Isa da wuri, awa biyu kafin lokacinka. Ba shi ruwa da ciyawa, ja shi ya zaga ya ga wuri. Ɗumama jiki kamar yadda kuka saba a gida, ba wurin koyon sabon abu ba ne. A filin ɗumamawa ana giftawa kafaɗar hagu da kafaɗar hagu, mai tafiya kuma ya bar wa masu sauri layin gefe. Kafin ka shiga, a cire bandeji ko takalman kariya daga ƙafafun doki, ba a yin jarrabawa da su.

Za ka zagaya wajen fili har alƙali ya kaɗa ƙararrawa, daga nan kana da daƙiƙa 45 ka shiga ta A. Sun ishe ka, kada ka ruɗe. Kalli C, ka hau da kuzari, domin layi ya fi miƙewa idan doki na tafiya gaba da niyya. A wurin gaisuwa, tsaya cak kamar daƙiƙa uku, riƙe kamazuru da hannu ɗaya, sauke ɗayan, ka sunkuyar da kai. Ba a magana da doki ko yi masa tsaki da harshe, ana rage maki. Idan ka ɓata hanya, alƙali zai kaɗa ƙararrawa ya nuna maka inda za ka ci gaba. A yawancin ƙananan gasanni ana cire maki 2 a karon farko, 4 a na biyu, na uku a fitar da kai. Ana kuma fitar da wanda dokinsa ya fice daga fili da ƙafa huɗu, ko aka ga ɗingishi ko sabon jini a jikinsa. Motsi ɗaya in ya lalace, akwati ɗaya ne a takarda, ka bar shi ka shirya na gaba.

10. Bayan fitowa

Doki tukuna. Sassauta majayi, ja shi ya yi tafiya, ba shi ruwa, idan ana zafi ka yi ta kwara masa ruwan sanyi har jikinsa ya huce. Duba ƙafafu da gefen baki. Sannan ka je ka karɓi takardarka. Maki 5 na nufin ya wadatar da ƙyar, 6 ya gamsar, 7 ya yi kyau gwargwado, 8 ya yi kyau. Ana tara su a mayar kashi cikin ɗari, kuma wanda ya samu 60 ko sama a fitowar farko ya tsaya da ƙafafunsa. Karanta sharhin alƙali layi-layi, ka ja layi a ƙarƙashin maganar da ta maimaitu, ko "da'ira ba ta zagaye ba" ce ko "wuya ya gajarce". Ɗauki biyu daga ciki su zama aikin wata mai zuwa. Kada ka hau mataki na gaba sai makinka ya zauna a wajen 65 a gaban alƙalai daban-daban. Washegari dokin ya huta a makiyaya, ka sake shafa ƙafafunsa da safe kafin ka sake shi.